'Yata Tana Kirana Yaya

Masu bibiyar labarina, na gaishe ku duka, da masu yi mini addu'a da masu yi mini faɗa a ƙasan rubutu, kowa na karanta nasa. Yau ba shawara na zo nema ba, domin abin da za a ba ni shawara a kansa ya riga ya auku. Na zo ne in sauke shi a gabanku da zafinsa, kafin zuciyata ta fara yi masa kwaskwarima.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: ni malamar firamare ce. Mijina ya rasu ina goye da 'yarmu, na dawo gidanmu da akwatina da ita, kuma a nan ta tashi. Kurciya muke ce mata, saboda wani ɗan guɗa da take yi a maƙogwaro idan hankalinta ya kwanta. Ta isa shiga aji ɗaya, amma kalmomin da take furtawa ba su cika tafin hannu ba. Ba ta haɗa ido da mutum, ba ta son a taɓa ta ba zato, ƙara kuwa tana shiga kanta kamar allura. Da ta fara buɗe baki, abin da ta ji ƙannena suna kirana shi ta ɗauka: Yaya. An yi dariya, an ce za ta gyara idan ta girma. Ba ta gyara ba, ni ma ban matsa ba, domin yarinyar da kalma take yi wa tsada, wa zai ƙwace mata wadda ta samu?

A gidan akwai wata yarinya sa'arta, 'yar wana, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya mutuwa. A ɗakina ta yi wayo lokacin da uwarta take karatun jinya, saboda haka ni take ce wa Mami, uwar da ta haife ta kuwa Anti take ce mata, kamar yadda kowa yake faɗa. Haka gidanmu yake, sunaye sun harɗe, mu da muke ciki kuma ba mu taɓa jin wani abu ba.

Sai kuma shi, mai neman aurena. Mai auna ido ne, yana da shagon tabarau, can na kai Umma aka canza mata gilashi, daga nan ya nemi lambata a wurinta. Ina ce masa Likita, kullum yana cewa shi ba likita ba ne, ni kuma na ƙi dainawa. Mutum ne mai nutsuwa, furfura ta ɗan fara masa a gefen kunne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya san ina da 'ya. Na gaya masa yarinya ce mai shiru, mai nata hali, ya ce duk yara da nasu hali. Umma ta hana ni ƙarawa a kan haka. Ta ce ba a tarbar baƙo da kwandon wanki, in bari ya gan ta da idonsa, jini ya haɗu tukuna.

Shi ya kawo shawarar gonar. Ya rubuto mini cewa akwai wata gona a bayan gari inda ake barin yara su shiga cikin dabbobi, su ciyar da su, su shafa su. Ya ce ya fi son ya fara ganin 'yarsa a fili, ba a falo ba inda za a sa ta durƙusa ta gaishe shi tana rawar jiki. 'Yarsa, haka ya rubuta. Na daɗe ina kallon kalmar a waya.

Da safe na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi ruwan hoda, na cire, na sa shuɗiya, Umma ta leƙo ta ce in mayar da ta farko, shuɗiyar tana tsufar da ni. Umma ta ce da ita za a je, Anti da Rediyo ma su zo a yi tafiyar tare. Anti ta yi wa Rediyo kitso da jan ribon, ta sa mata riga mai baza. Kurciya kuwa rigarta ɗaya ce da take yarda da ita, wata rawaya da ta koɗe, mai laushi, wadda na yanke wa takardar wuya. Umma ta ce yau ɗaya dai a sa mata ta arziki. Na gwada, ta sandare, na haƙura.

Da motarsa ta tsaya, Rediyo ce ta fara fita da gudu tana riƙe da gefen mayafina. Kurciya tana bayan Umma, fuskarta a cikin zanenta. Ya durƙusa ya gaida Umma, ita kuma ta nuna yaran da haɓa ta ce, "To, ga 'ya'yanka nan." Ni kunya ta hana ni in ware ɗaya in ce wannan ce tawa a gaban mahaifiyata. Na ɗauka ya sani. Ina tsammanin duk wanda ya kalle ni zai ga Kurciya a rubuce a goshina.

A mota Rediyo ta ba shi labarin makarantarsu kaf, da sunan wanda ya yi fitsari a aji. Yana dariya yana kallona ta madubi. Na ɗauka farin cikin ranar ne.

A ƙofar gonar ana ɗaura wa kowa wani zare na takarda a wuyan hannu, launin yaro daidai da na babban da zai kula da shi. Kurciya ta ga ana nufo hannunta ta fara ja da baya, na durƙusa ina lallashinta, daga ƙarshe na ɗaura nata a madaurin jakar Umma. Kafin in ɗago ya gama da mai tikiti. Ni da shi da Rediyo kore, Umma da Kurciya ruwan lemo, Anti ita kaɗai fari, tana tsokanar cewa ita dai yau ba ta da ɗa ba ta da jika, hutu ya same ta. Ko a nan ban farga ba.

Gonar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Shingayen katako ne a jere, an share tsakaninsu, warin ciyawa da na kashin dabbobi yana tashi sama-sama. Akwai awaki masu cusa baki cikin jakar mutum, da wani tsohon jaki da ya gaji da duniya, da ɗan guntun doki da ake ɗora yara a kai ana zagayawa da su. Ana sayar da dusa da yankakken karas a ƙananan kofuna. Wata akuya ta kama bakin mayafin Anti tana tauna, Umma ta ce ai ta gane 'yar'uwarta ce wajen cin abin mutane. Muka yi dariya har da shi. Ina so ku san cewa na yi dariya a ranar, da gaske na yi.

A shingen 'yan raguna ne abin ya bayyana. Wata ma'aikaciya mai dogon takalmin roba ta raba wa yara kwalaben madara masu kan roba, ta nuna musu yadda za su karkata su. Rediyo ta riƙe tata da hannu biyu, ɗan ragon yana zuƙa yana kaɗa wutsiya, tana ihu, "Mami, kalle ni, Mami!" Shi kuma yana ta ɗaukarta hoto. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Malama, idanunki ta ɗauko sak. Kika ce mini mai shiru ce, ashe zolayata kike yi."

Na kalle shi, na kalli inda yake kallo. Rediyo jinin wana ce, dole ta yi kama da ni. Kurciya kuwa mahaifinta ta biyo, tun daga goshi har yatsun ƙafa. Sai duk abin da ya wuce tun safe ya dawo mini a jere: Mami, Yaya, koren zare, dariyar cikin madubi. Mutumin da sana'arsa gyara wa mutane gani, ya wuni yana kallon 'yar wani a matsayin tawa.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. A daidai lokacin ɗan ragon ya fizge kwalbar, madara ta fantsama a rigar Rediyo, aka kwashe da dariya, ya ruga yana goge mata da hankicinsa. Da na juya, idon Umma yana kaina. Ta ji abin da ya faɗa. Kai kawai ta girgiza mini sau ɗaya, a hankali.

Na ce a raina, bari mu bar cikin mutane, in ja shi gefe.

Ba mu kai ga gefen ba. Muna wucewa ta wurin tsuntsaye wani dawisu ya rangaɗa kuka a saman kanmu. Kurciya ta toshe kunnuwa, ta zube a ƙasa, ta fara kaɗa jiki gaba da baya tana wani sauti da ni kaɗai na san ba kuka ba ne, neman hanyar fita ne. Mutane suka tsaya. Wata mata ta janye ɗanta. Na yi abin da na saba: na durƙusa a bayanta, na lulluɓe ta da mayafina har kai, na matse kafaɗunta da ƙirjina, ina yi mata guɗarta a kunne har numfashinta ya dawo daidai da nawa. Rigata ruwan toka ta sha ƙasa. Da ta lafa Umma ta karɓe ta suka yi gaba, Anti ta ja Rediyo wurin doki.

Ya samo mini ruwa, muka zauna a wani benci ƙarƙashin inuwa. Nan ne ya kamata in faɗa. Ina haɗa kalmomin a bakina ya riga ni.

Ya ce na iya da ita. Na ce na saba. Ya juya murfin gorar ruwan, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ashe yana da ƙane irin Kurciya. Ya ce mahaifiyarsu ba ta taɓa zuwa bikin kowa ta zauna ba, ba ta taɓa barci ƙofa a buɗe ba, tun tana ɗaukarsa a baya har ya fi ta tsawo tana yi masa wanka. Ya ce shi da sauran 'yan'uwansa sun tashi kamar marayu alhali uwarsu tana ɗaki na kusa. Ranar da ta rasu, kalmarta ta ƙarshe tambaya ce, wa zai ba ƙanen nasa abinci. Ƙanen bai daɗe ba ya bi ta. Yana maganar ba tare da ɗaci ba, kamar mai karanta sakamakon awo.

"Ina tausayin Umma," ya ce. "Irin wannan raino ba ya ƙarewa. Allah ya ba ta lada. Ni kam na san kaina, Malama, na ga iyakata tun ina yaro. Ba zan iya sake zama a gida irin wancan ba."

Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Da ya yi mata kallon raini, da na miƙe na kakkaɓe rigata na kama hannun 'yata mun nemi motar haya. Amma idonsa ya yi ja a bayan gilashi. Ya buɗe mini cikinsa ne saboda ya yarda da ni, ya ɗauka yana magana da yayar yarinya, wadda za ta yi aure ta bar wa uwarta nauyin. Ni kuwa ina zaune da gorar ruwa a hannu, ina jin yadda shekarun da na yi ni kaɗai suke tsaye a bayana suna jiran in koma musu.

Na ce, "Allah ya jiƙansu." Abin da na ce ke nan.

Wurin zomaye shi ne na ƙarshe. Ɗaki ne na waya mai rufin kwano, an baza ciyawa a ƙasa, ana shigar da yara kaɗan-kaɗan, ana ce musu su zauna kada su bi su da gudu. Rediyo ta shiga ta fito, ta ce ba sa wasa, gudu kawai suke yi. Kurciya ce ta saki zanen Umma da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba a baƙon wuri, ta shiga ta zauna a lungu ta miƙe ƙafafu. Ba ta kira su ba, ba ta miƙa hannu ba. Zama kawai ta yi irin nata, wanda a gida ake ce mata ta cika shi. Sai ga wani fari mai baƙin kunne ya zo ya shinshina takalminta, ya hau cinyarta ya kwanta. Wani ya biyo shi. Na ji guɗarta ta fara tashi a hankali.

Ta ɗago kai ta neme ni. Ta kalle ni cikin ido, masu karatu, cikin ido.

"Yaya. Zo."

Tunda na haife ta ba ta taɓa kirana in zo in ga wani abu ba. Tana kirana idan tana jin ƙishi, ko idan wani abu ya yi mata ciwo. Amma ta ga abu mai kyau ta so in gani tare da ita, sai yau.

"Je ki mana," ya ce yana murmushi, "ƙanwarki tana kira."

Na ce to. Na shiga na durƙusa, ta kama yatsuna ta ɗora a bayan zomon, na ji zuciyarsa tana bugawa da sauri a ƙarƙashin gashin. Ma'aikaciyar wurin ta tsaya tana kallonmu, ta ce ba kowane yaro suke hawa ba, sannan ta tambaye ni, 'yata ce? Likita yana tsaye a jikin wayar, tazarar hannu ɗaya. Umma ce ta amsa daga waje, da muryarta ta zuwa unguwa.

"Autata ce."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da shafa zomon. Yatsun Kurciya suna kan nawa, ɗumi gare su, ba ta san an yi cinikinta a kanta ba, ba ta san wadda ta kira ta zo ta gani ta yi shiru ba. Na sha jin mutane suna cewa ƙasa ta tsage su shige. Ni ban so ta tsage ba, na so a bar ni a wurin, a kulle ɗakin da ni da ita da zomayen, kowa ya tafi gida.

A hanyar dawowa yaran suka yi barci, Rediyo a kafaɗar Anti, Kurciya a cinyata. Ya ce idan Rediyo ta farka a tambaye ta launin da take so a yi wa ɗakinta fenti, domin ya riga ya ware mata wanda yake kallon lambu. Anti ta yi dariya ta ce ai sai ya haɗa da kuɗin makaranta, ta ɗauka wasa ne. Umma ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin mayafi. Na juya ina kallon titi har muka iso.

Muna shiga gida, tun ba mu cire mayafai ba, Umma ta rufe ƙofar falo ta zayyana wa Anti komai. Anti ta ajiye jaka ta ce ita fa ba ta ba da aron 'ya, in ana neman ta haya a je wani gidan. Umma ta ce wa ya ce a ba shi? A bari dai a wuce maganar manya, a sa rana, in ya so daga baya a ce masa rashin fahimta aka samu. Kafin nan ya riga ya shiga cikin maganar, mutum mai kunya irinsa ba zai fasa ba. Kurciya kuwa dama a wurin ita Umma za ta zauna, wane namiji ne zai karɓi wannan aiki? Ta ce ita ta tsufa, ba ta son ta mutu ta bar ni a ɗakin da na yi ƙuruciya, ina cin abincin matar wana. Ta ce samun irinsa ga mace mai ɗa ba kullum ba ne, in tuna waɗanda suka zo suka ga yarinyar suka daina kiran waya. Tana faɗa tana kuka, kuma babu ƙarya ko ɗaya a lissafinta, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Ke ma ai kin yi shiru," ta ce. "Da ba ki so, da kin yi magana a can."

 Na ɗauki Kurciya na kai ta ɗaki, na ga ƙafarta ɗaya babu takalmi. Wayata ta yi ƙara. Hoto ne ya turo, shi da Rediyo da ɗan rago, a ƙasa ya rubuta: "Na gode da kika ba ni 'ya. Na ga takalmin ƙanwarki a mota, ina juyowa in kawo, na san irinsu ba sa yarda da wani."

Ya san irinsu. Ya juyo da mota saboda takalmi ɗaya, don ya san gobe da safe za a yi kuka idan babu shi.

Da na ji tsayuwar motar, rana ta yi ƙasa amma da sauran haske. Na saɓa Kurciya a kafaɗa, barci bai sake ta ba. Umma ta tare ƙofar falo ta ce in ajiye yarinyar in fita ni kaɗai. Ban taɓa ratsa ta gefen mahaifiyata tana magana ba, yau na ratsa.

Yana tsaye a bakin ƙofar gida da ɗan takalmin a hannu, yana murmushi. Na tsaya a inda zai ga fuskarta sosai.

"Likita, wannan ce 'yata. Waccan 'yar wana ce. Yaya take ce mini, amma ni na haife ta."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya janye. Ya kalli Kurciya, ya daɗe yana kallonta, yadda yake kallon idon mai awo. Na shirya wa tambayoyi da yawa: me ya sa ban faɗa tun farko ba, me likitoci suka ce, a ina za ta zauna. Bai yi ko ɗaya ba.

"Yaushe kika gane na yi kuskure?"

"A wurin 'yan raguna."

"Kafin mu zauna a benci ke nan."

"Kafin nan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, ba da faɗa ba, "Kika bar ni na faɗi abin da na faɗa a kan 'yarki, kina riƙe da ruwa." Sannan ya sunkuya, ya kama ƙafar Kurciya da yatsu biyu ta wurin diddige, yadda wanda ya saba yake yi don kada ta farka, ya sa mata takalmin, ya ɗaure maɗaurin. Ya juya ya shiga mota ya rufe.

Bai tayar da motar ba.

Ina rubuta muku wannan ne daga tagar ɗakina. Umma ta shige nata ɗakin ta ja ƙofa, Anti tana wanke wa Rediyo rigar madara. Kurciya tana kwance a gadona da takalma biyu a ƙafa, na kasa cire mata. Fitilun titi sun fara kamawa, motar tana nan a ƙofar gidanmu, injin a kashe, ina hango hannayensa biyu a kan sitiyari. Bai tafi ba, bai kuma fito ba, ni kuma na rasa wanne daga ciki zan roƙa masa.